Darasi: Yadda Fararen Ƙwayoyin Jini Ke Fama da Tsutsa a Jikin Mutum

A darasin da ya gabata mun ga yadda fararen ƙwayoyin jini ke gamawa da bakteriyar da ke haddasa ƙurji. Sukan kewaye ta, su haɗiye ta, su narkar da ita, abin da ya rage ya fito a matsayin mugunya. Wannan dabara tana ci ne domin bakteriya ƙarama ce, farar ƙwayar jini ta ninka ta girma sau da yawa. Yau kuwa za mu duba abokin gabar da ya fi ƙarfin haɗiya. Macen macijin ciki takan kai tsawon santimita 35, alhali faɗin farar ƙwayar jini bai wuce kashi 12 zuwa 15 cikin 1,000 na milimita guda ba. Da za a ƙara wa ƙwayar girma har ta kai ƙwayar gyaɗa, a ƙara wa macijin cikin daidai haka, da tsawonsa ya zarce filin ƙwallo biyu a jere. To, yaya jiki ke yi da irin wannan baƙo?

Ta ina suke shigowa

Mu ɗauki misalin Mahuta, a ƙaramar hukumar Chikun, kudu da kogin Kaduna, unguwar da gidaje ke ta hawa kan gonaki. Gida na nan, gonar masara na bayansa, rijiya a tsakar gida, rafi ko kududdufi a gangare. Daga watan Mayu zuwa Oktoba ƙasa ba ta rabuwa da laima, kuma laima da ɗumi su ne abin da ƙwan tsutsa ke bukata.

Ƙofa ta farko baki ce. Macen macijin ciki kan saki ƙwai kusan 200,000 a rana, su fita da bayan gida, su nuna a cikin ƙasa, su dawo ta hannun da ba a wanke ba ko ganyen salak da aka ci ɗanye. Tsila kuma ta naman shanu ko na alade da bai dahu ba take shigowa. Ƙofa ta biyu fata ce: 'ya'yan tsutsa mai ƙugiya na huda ƙafar mai tafiya ba takalmi, 'ya'yan tsutsar tsargiya kuma, bayan sun fito daga jikin katantanwar ruwa, suna huda fatar mai wanka, mai wanki, mai su ko mai ɗiban yashi. Ta uku cizo ne. Sauro na kawo tsutsar tundurmi da gwaiwa, baƙin ƙudan bakin kogi na kawo wadda ke makantarwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan biliyan 1.5 na ɗauke da tsutsotsin da ake kamuwa da su ta ƙasa kaɗai, wato kusan mutum 1 cikin kowane 5 a duniya. Don haka babu abin kunya a maganar.

Abin da mai gwaji ke gani

Mu shiga ɗakin gwaji. Mai gwaji ya ɗiga jini a kan ɗan gilashi, ya ja shi da gefen wani gilashin har ya yi shara-shara, ya bari ya bushe, ya zuba masa rini, ya wanke, sannan ya sa a ƙarƙashin madubin likita. Fili ya cika da jajayen ƙwayoyi, domin a maikurolita 1 na jini, wato kashi 1 cikin 1,000 na mililita, akwai jajaye kusan miliyan 5, farare kuwa 4,000 zuwa 11,000 kacal. Can jefi-jefi sai ya ci karo da wata fara mai ban sha'awa: cibiyarta ta rabu gida biyu da ɗan zare a tsakani, jikinta kuma cike da ɗigo-ɗigo masu launin ja da ruwan lemo, suna ƙyalli. Sunanta iyosinofil. Bajamushe Paul Ehrlich ne ya raɗa mata suna a 1879, saboda yadda take shan wani jan rini mai suna iyosin.

A jinin mai lafiya, iyosinofil 1 zuwa 6 ake samu cikin kowaɗanne fararen ƙwayoyi 100. Idan suka haura 500 a maikurolita, likita kan ce sun yi yawa, kuma a ƙasa irin tamu abin da ya fara zuwa masa a rai shi ne tsutsa. Waɗancan ɗigo-ɗigon jakunkuna ne na guba. Ku riƙe su a rai, yanzu za mu ga aikinsu.

Ƙararrawa da umarni

Tsutsa ba ta iya shiga jiki shiru, domin duk inda ta bi sai ta yi rauni. Ƙwayoyin fata da na bangon hanji da ta raunata kan saki wasu sinadarai na neman agaji. A 2016 masu bincike suka gano cewa a bangon hanji ma akwai wasu ƙwayoyi masu ɗan tukku a ka, waɗanda aikinsu shi ne ɗanɗana abin da ke wucewa, da sun ji alamar tsutsa su buga ƙararrawa.

Daga nan wasu fararen ƙwayoyi kan ɗauki ɓurɓushin jikin tsutsar su kai kaluluwa, inda fararen ƙwayoyi masu suna limfosayit ke taruwa. Shi ya sa kaluluwa ke kumbura idan akwai rauni a kusa da ita. Limfosayit mai ba da umarni tana da salon yaƙi fiye da ɗaya. A 1986 Tim Mosmann da Robert Coffman suka nuna a Amurka cewa akwai salon da ta tanada domin ƙwayoyin cuta masu ɓuya a cikin ƙwayoyin jiki, akwai kuma na biyu, wanda shi ake ɗauka idan tsutsa ce. A wannan salo na biyu saƙo kan tafi ɓargo cewa a ƙara yawan iyosinofil. Wani saƙon kan tafi wurin limfosayit masu ƙera antibodi, wato sinadaran da ke manne wa abokin gaba, su ƙera wani iri da ake kira IgE, wanda mata da miji 'yan Japan, Teruko da Kimishige Ishizaka, suka gano a 1966.

Yanzu ga yadda ake kashe abin da ba ya haɗiyuwa. Antibodi kan manne a jikin ɗan tsutsa. Iyosinofil su zo da yawa, su kama waɗannan antibodi, su kwanta a jikinsa su lulluɓe shi, sannan kowace ta juye masa gubar jakunkunanta kai tsaye. Gubar na huda fatarsa har ya mutu. Sarkin yawa ya fi sarkin ƙarfi. Anthony Butterworth da abokan aikinsa sun nuna wannan a Nairobi ta ƙasar Kenya a tsakiyar shekarun 1970, da 'ya'yan tsutsar tsargiya da fararen ƙwayoyin jinin mutane. Sai dai wannan hari ya fi tasiri a kan jariran tsutsa masu taushin fata. Babbar da ta riga ta ƙosa, da wuya ya yi mata komai.

A cikin hanji kuwa jiki ba ya ma neman kisa, kora yake nema. Bangon hanji ya ƙara fitar da majina mai yauƙi don tsutsa ta kasa riƙo. Wasu ƙwayoyi da ke zaune a bangon, waɗanda IgE ke manne a jikinsu, su fashe su saki wani sinadari mai suna histamin, ruwa ya tsattsafo cikin hanji. Naman hanjin ya riƙa matsawa da ƙarfi yana tura komai waje. Murɗar ciki da zawo mai majina da yaro ke yi, wani ɓangarensu ke nan. A lokaci guda manyan ƙwayoyi masu suna makarofaj suna bin sawun tsutsar suna ɗinke raunin da ta bari. Wannan gyara yana da muhimmanci ƙwarai. Ɗan macijin ciki kafin ya zauna a hanji sai ya bi ta hanta, ya shiga huhu, ya fasa ƙananan jijiyoyinsa, ya hau maƙogwaro, a haɗiye shi ya koma ciki. Da babu masu ɗinki, da ɓarnar ta fi haka. A kwanakin wannan tafiya ne mutum kan yi busasshen tari da shesshekar numfashi da ɗan zazzaɓi, iyosinofil su yi tashin gwauron zabi a jini. Wani likitan Suwizalan, Wilhelm Löffler, ya bayyana irin wannan ciwon huhu a 1932.

Inda yaƙin ya zama shi ne ciwon

Nan ne zuciyar darasinmu, kuma ina so ku ba ni hankalinku. A cututtukan tsutsa da dama, yawancin wahalar da mutum ke sha daga martanin jikinsa take fitowa.

Mu ɗauki tsargiya. Theodor Bilharz ne ya fara ganin tsutsarta a Alƙahira a 1851. Namiji da mace kan zauna manne da juna a jijiyoyin jini da ke kewaye da mafitsara, shekara 3 zuwa 5, wani lokaci fiye da haka, fararen ƙwayoyin jini na wucewa ta gefensu dare da rana ba su taɓa su. Dalili shi ne sun shafe jikinsu da sinadaran jinin mai su, har jiki ya ɗauka nasa ne. Ƙwansu ne ba ya ɓuya. Wasu ƙwai kan huda bangon mafitsara su fita da fitsari, shi ne jinin da ake gani a ƙarshen fitsari. Da yawa kuwa maƙalewa suke yi a cikin nama. Kowane ƙwai da ya maƙale, iyosinofil da makarofaj da limfosayit kan yi masa zobe, su gina masa ɗan ƙullutu su rufe shi. Wannan katanga na da amfani, domin tana hana dafin ƙwan yaɗuwa. Amma ƙwai ba ɗaya ba ne, kullum sababbi na zuwa, kuma kowane ƙullutu tabo yake bari. Shekara da shekaru bangon mafitsara ya yi tauri, hanyar fitsari ta ƙuntace, ƙoda ta kumbura, wasu har kansar mafitsara ta biyo baya. A jikin mata ƙwan kan maƙale a mahaifa da al'aura, ya kawo ciwo da zubar jini da matsalar haihuwa, a yi ta shan maganin sanyi ba sauƙi. Irin tsargiyar da ke zama kusa da hanji kuwa hanta take yi wa wannan tabo, saifa ta kumbura, ciki ya tara ruwa. A wasu wurare har yau ana ɗaukar fitsarin jini alamar balagar ɗa namiji. Wannan kuskure ne mai tsada. Yaron da ke fitsarin jini mara lafiya ne, a kai shi asibiti.

Misali na biyu ya shafi jiharmu ta Kaduna kai tsaye, wato makantar bakin kogi, wadda wasu ke kira dundumi. Baƙin ƙudan da ke kawo ta a ruwa mai gudu da ƙarfi a kan duwatsu yake hayayyafa. Uwar tsutsar kan naɗe cikin ƙullutu a ƙarƙashin fata, ta yi shekara 10 zuwa 15 tana haihuwar 'ya'ya ƙanana da ido ba ya gani, su bazu cikin fata har su shiga ido. Muddin suna raye, jiki bai cika tanka musu ba. Mutuwarsu ce ke tayar da ƙura. A cikin tsutsar akwai wata bakteriya mai suna Wolbakiya wadda tsutsar ba ta iya rayuwa sai da ita. Idan ɗan tsutsa ya mutu a cikin ido, bakteriyar ta fito fili, fararen ƙwayoyi masu suna niyutirofil su ruga, iyosinofil su biyo, a zuba guba a wurin da ba ya jure guba. Kowane karo ya bar ɗan hazo, har gilashin ido ya dushe ko jijiyar gani ta mutu. Garin neman gira an rasa ido. A fata ma haka ne: ƙaiƙayin da ke hana barci, da kaurin fata, da dabbare-dabbaren ƙwauri, duk sawun wannan faɗa ne.

Da aka gane haka, sai dabara ta zama a rage 'ya'yan tsutsar tun kafin su taru a ido. Maganin ibamektin, wanda aka fi sani da Mectizan, shi ya yi wannan aiki. Kamfanin Merck ya fara ba da shi kyauta a 1987, William Campbell da Satoshi Omura kuma suka sami kyautar Nobel a 2015 saboda gano shi. Ɗaya daga cikin manyan gwaje-gwajen da suka tabbatar yana kare ido a ƙauyukan jihar Kaduna aka yi shi, ƙarƙashin Farfesa Adenike Abiose ta Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna, aka buga sakamakon a 1993. Wani bincike da ya fito a 2012 ya duba fatar fiye da mutum 3,000 a yankunan Birnin Gwari da Kauru da Lere bayan shekara 15 zuwa 17 ana rabon maganin, ba a sami ɗan tsutsa a jikin ko mutum ɗaya ba. Maƙwabciyarmu Nijar kuwa, a watan Janairun 2025 ta zama ƙasa ta farko a Afirka da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar ta rabu da cutar.

Wannan bayani ya kuma warware wani abu da ke sa mutane gudun magani. Wanda ya sha ya ji ƙaiƙayi, ko kumburi, ko ɗan zazzaɓi na kwana biyu, yakan ce maganin bai karɓe shi ba. Sau da yawa tsutsotsi ne ke mutuwa, fararen ƙwayoyi suka far musu. A gaya wa ma'aikacin lafiya, musamman idan abin ya yi tsanani, amma kada a yanke wa kai hukuncin daina sha.

Me ya sa jiki ba ya gamawa da su

Wanda ya yi ƙyanda sau ɗaya ba ya sake yi. Tsutsa kuwa sai a sha magani bana, baɗi ta dawo. Kurkunu ma, wanda aka ƙirga fiye da mutum 650,000 da shi a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1980, yakan kama mutum ɗaya shekara bayan shekara. Tace ruwa da tsare tafkuna ne suka kawar da shi, aka ga na ƙarshe a 2008, aka ba ƙasar takardar shaida a 2013.

Tsutsa ta daɗe da sanin jikin ɗan Adam. Mai ƙugiya, wadda ke kafa baki a bangon hanji tana shan jini, tana tofa sinadarin da ke hana jini daskarewa da wani da ke hana niyutirofil isowa wurin. Da yawansu kuma suna zuga wasu limfosayit da aikinsu shi ne kwantar da tarzoma, su ce wa sauran a sassauta. Jiki ma yana da riba a wannan sulhu, domin yaƙi ba ƙaƙƙautawa da abin da ba ya mutuwa zai cinye hanji da hanta. Sai a koma zaman doya da manja. Ana samun ɗan kariya a hankali: binciken da Paul Hagan da abokansa suka yi a Gambiya, wanda ya fito a 1991, ya nuna masu yawan IgE na tsargiya sun fi wuyar sake kamuwa, kuma yawanci manya ne. Wannan kariya shekaru take ɗauka kafin ta ginu. Kafin nan yaro ya riga ya biya da jininsa da girmansa da karatunsa. Ni dai a ganina zalunci ne a bar yaro da tsutsa da sunan jikinsa zai saba.

Salon yaƙin nan na biyu shi ne kuma ke bayan asma da borin jini, inda IgE da iyosinofil ke far wa ƙura ko wani abinci kamar tsutsa ce. Saboda haka yawan iyosinofil ba kullum yake nufin tsutsa ba.

Karanta takardar gwaji

A ce wata uwa ta karɓo sakamakon ɗanta, ta ga an zagaye wani layi mai haruffan EOS da jan biro.

"Ɗana, me aka gani? Taifot ce ko maleriya?"

"Mama, wannan layin ba ya nuna ko ɗaya cikinsu. Yana nuna jikinsa na faɗa da wani abu, wataƙila tsutsa. Yana wanka a rafi? Yana yawo ba takalmi? Gobe ki kawo bayan gidansa da fitsarinsa, fitsarin a ɗiba tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, a haɗa da ɗigon ƙarshe."

Mai gwajin ya yi daidai. Maleriya da taifot ba sa ƙara iyosinofil. Gwajin jini alama yake bayarwa, ƙwan da aka gani a bayan gida ko fitsari shi ke faɗin sunan tsutsar, kuma a waɗancan sa'o'i ne ƙwan tsargiya ya fi fita. Haka nan idan iyosinofil ba su hau ba, ba shaida ce ta babu tsutsa ba. Suna hawa ne idan tsutsa na ratsa nama. Tsila ko babban macijin ciki da ke kwance a cikin hanji kan iya zama ba su motsa lissafin sosai ba.

Akwai gargaɗi guda da ba zan tsallake ba. Ƙwayoyin deksametason da firedinisolon, waɗanda wasu ke saye a kemis don ciwon jiki ko don ƙiba, irin waɗanda ake haɗawa a sha-ka-fashe, suna danne iyosinofil da limfosayit. Akwai wata siririyar tsutsa mai suna Sitironjiloyidis da ke shiga ta ƙafa, tana iya hayayyafa a cikin mutum shekaru da dama, garkuwar jiki na riƙe da linzaminta. Idan aka danne garkuwar da irin waɗannan ƙwayoyi, sai ta yaɗu zuwa huhu da jini, kuma hakan na kisa. Kada a sha su sai likita ya rubuta.

Maganin tsutsa kuwa taimakon jiki yake yi. Firazikwantel na tsargiya yana yayyaga rigar da tsutsar ta ɓuya a ciki, antibodi da fararen ƙwayoyi su gan ta su ƙarasa aikin. Ana auna shi da nauyi ko da tsawon mutum, kuma bayan an ci abinci ake sha. Albendazol mai miligiram 400 ko mebendazol mai 500 su ne na tsutsar ciki, sau ɗaya ko biyu a shekara gwargwadon yawan cutar a yanki. Mai juna biyu sai bayan wata 3 na farko, da izinin ma'aikatan awo. Babu ɗayansu da ke hana sake kamuwa. Masai mai murfi, takalmi, sabulu, dafaffen nama da nisantar ruwan kududdufi su ke yin wannan.

Aikin gida

Ku bayyana wa wani a gidanku, da bakinku, dalilin da ya sa farar ƙwayar jini ba ta iya yi wa tsutsa abin da take yi wa bakteriya, da kuma yadda ƙwan tsargiya ke lalata mafitsara. Sannan kafin haɗuwarmu ta gaba, kowa ya tambayi yaran gidansa a keɓe, cikin lallashi, ko akwai mai ganin jini a fitsari, domin yara kan ɓoye don tsoron duka. Ku duba ƙafafunsu da inda suke wanka. Iyaye mata da maza, idan an aiko daga makaranta, ko an yi sanarwa a masallaci ko coci cewa za a raba maganin tsutsa, ku ciyar da yaro da safe, ku tura shi ya karɓa.